Riƙon Ɗan Da Ba Mu Haifa Ba

Jawabin kwamitin walwala a taron cikar shekara na ƙungiya, Gidan Goga

Hajiya shugaba, iyayenmu mata da ke kan tabarmar gaba, Malam da ya buɗe mana taro da addu'a, wakilin uban ƙasa, mazajenmu da 'yan'uwanmu maza da ke sauraro daga bakin rumfa, barkanmu da ganin wannan rana. Ma'aji ta karanta lissafin shekara, kun ji abin da ya shigo daga man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da gyaran shinkafa, kun ji abin da ya fita. Mu 'yan kwamitin walwala an ba mu magana ne kan yaran da ke gidajenmu waɗanda ba mu muka haife su ba. Mun roƙi a buga ta a takardar ƙungiya don a karanta wa waɗanda ke gida, musamman maza, domin rabin maganar tasu ce.

Kowacce ta waiga ta dubi ta kusa da ita. Da wuya a sami sahu ɗaya a wurin nan da babu mai riƙon ɗan wani. Riƙo ba baƙon abu ba ne gare mu. Gwaggo kan ɗauki ɗiyar ƙanenta ranar yaye, kaka kan karɓi ɗan fari saboda kunyar uwa, wadda Allah bai ba haihuwa ba a kan ba ta yarinya ta ɗebe mata kewa. Ko Nana Asma'u ɗiyar Shehu, da aka haifa a 1793, mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama, matan Shehu ne suka rene ta. Amma riƙon da muka taso muka tarar, yawancinsa iyayen yaro na raye, ƙila a unguwar gaba, ƙila a ƙauyen da ba ya wuce tafiyar hantsi. Yaro na zuwa gida da salla. In riƙo ya yi tsami, uwa ta aiko a ce tana son ganin ɗiyarta, daga nan ba za ta komo ba, kowa ya gane ba tare da an yi faɗa ba.

Riƙon yanzu ba shi da mai aikowa. Ba sai mun tuna muku abin da ya faru a yankin nan a 2018 ba, ko abin da ya biyo baya shekara bayan shekara. A 2021 kaɗai an kwashe 'yan makarantar Jangebe a watan Fabrairu, an shiga kwalejin noma ta Bakura a Agusta, an kwashe ɗaliban Ƙaya a farkon Satumba, sannan aka rufe layukan waya da kasuwanni. Waɗannan su ne duniya ta ji. Wanda duniya ba ta ji ba shi ne magidancin da ya tafi gona bai dawo ba, ya bar mata biyu da yara tara, aka raba yaran gida-gida kamar rabon goron suna. Yaron da ya shigo hannunki ta wannan hanya ba shi da inda zai kai ƙara. Shi ya sa muke ganin lokaci ya yi da ƙungiya za ta zama wurin da ake tambayar lafiyarsa.

Mu fara da suna, domin nan ne masu kyakkyawar niyya suke fara kuskure. Mace ta ɗauki yaro, ta so shi, ta kai shi makaranta, malam ya ce sunan uba, sai ta ba da sunan maigidanta don kada yaron ya ji shi bare ne. Tausayi ne ya sa ta, mun sani, amma addini bai yarda ba. Zaidu ɗan Harisa ya tashi a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har mutane suna kiransa da ɗansa, sai aya ta 5 ta Suratul Ahzabi ta sauka aka mayar da kowane yaro ga sunan mahaifinsa. Son da ake yi wa Zaidu bai ragu ba, suna ne kawai ya koma inda yake. Abin da Musulunci ya sani shi ne kafala: ki ci da shi, ki tufatar da shi, ki tarbiyyantar da shi kamar naki, amma asalinsa yana nan. Ko yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 20, ta ambaci kafala da sunanta cikin hanyoyin kula da yaron da ya rasa iyali.

Kuma amfanin abin a fili yake. Sunan uba shi ne igiyar da yaro zai bi ya kai ga gonarsa, da danginsa, da wanda zai tsaya masa ranar aure. Idan kika canja shi a rajistar firamare, shi zai bi shi zuwa takardar haihuwa, ya bi shi zuwa lambar NIN, wadda tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da ita. Ranar da ya girma ya je neman gadon ubansa da takardu masu sunan wani, baffannin da ba su so ya zo ba sun sami abin kamawa.

Sai nono. Jariri in ya rasa uwa, abin da ya fi masa shi ne wata mace ta shayar da shi, bayan an duba jininta a asibiti. Madarar shanu da kunu ba abincin ɗan wata biyu ba ne, mun ga yadda gudawa ke yi da irin waɗannan jarirai. Amma wadda ta shayar ta sani ta zama uwa. A mazhabarmu ta Malikiyya ba sai an ƙirga sau biyar ba: nono in ya isa cikin yaro a cikin shekarunsa biyu na farko, ya haramta aure tsakaninsa da 'ya'yanta. A lokacin gudun hijira mata da yawa sun ba jariran juna nono a makaranta ko a gindin itace, ba wanda ya rubuta. Nan da shekara goma sha biyar waɗannan yara za su fara zance. Iyayenmu, ku da kuka ga abin da idonku, ku faɗa tun kuna raye a rubuta.

Wanda kuma ya shigo gida ya wuce shekarun shayarwa, shi da 'ya'yan gida ba muharramai ba ne, ko da a kwano ɗaya suka tashi. In sun balaga a raba makwanci, a kiyaye sutura. Za mu faɗi wata magana, a yi mana haƙuri: yarinyar riƙo ita ce ta fi kowa zama cikin haɗari a gida mai samari da baƙi, domin mai mugun nufi ya san ba ta da wanda za ta gaya wa. In ta zo miki da magana, ki saurare ta kafin ki ce tana son ɓata miki gida.

Yanzu ga inda muke son maza su matso kusa: dukiyar maraya. Abin da aka saba gani shi ne, mutum ya rasu, ƙanensa ya ɗauki yara biyu, ya ɗauki gonar tudu da ta fadama da awaki. Shekara goma yana nomawa. Yaro ya kai aure ya ce Baffa ina gonar babana, sai a ce: "Wace gona? Tuwon da ka ci shekara goma, daga sama yaz zo?" Wanga lissafi ba na shari'a ba ne. Farkon Suratun Nisa'i kusan duk kan wannan yake. Aya ta 6 ta nuna mai riƙo in yana da wadata ya kame, in matalauci ne ya ci gwargwadon abin da aka sani, kuma ranar miƙa wa maraya dukiyarsa a kafa shaidu. Aya ta 10 kuwa kowa ya san abin da ta kira cin dukiyar maraya da zalunci. Ba a hana a ciyar da maraya daga amfanin gonarsa ba. Abin da aka hana shi ne gonar kanta ta narke a cikin tuwo.

Maganin wannan takarda ce, tun ana zaman lafiya. Bayan sadakar arba'in, ko duk ranar da aka raba gado, a zauna gaban liman da mai unguwa a rubuta: gona kaza, iyakarta da wane ta gabas, da wane ta yamma, in akwai fili a ƙarƙashin ruwan Bakolori a rubuta shi, awaki kaza, bashin da ake bin mamaci da wanda yake bi. A yi kwafi uku, ɗaya wurin mai riƙo, ɗaya wurin dangin uwa, ɗaya wurin liman ko alƙali. Wasu za su ce wannan rashin yarda ne tsakanin 'yan'uwa. Mu kuwa mun ga takarda ta fi kare baffa mai gaskiya, domin ita ce za ta wanke shi ranar da 'yan tsegumi suka zuga yaro. Gonakin da ke cikin daji da ba a iya zuwa yanzu, su ma a rubuta su. Wata rana za a koma, kuma ranar nan waɗanda suka san iyaka ƙila ba su da rai.

Ɗan riƙo ba ya gadon mai riƙonsa, wannan haka yake. Amma ƙofa biyu a buɗe suke. Akwai kyauta: ki ba shi tunkiya ko keken ɗinki ko ɗaki tun kina da lafiya, ya karɓa, ko a karɓa masa gaban shaidu. Kyautar baki da ba a miƙa ba har mai ita ya kwanta ciwon ajali, magada na iya tayar da ita. Akwai kuma wasiyya, wadda ba ta wuce sulusi, kashi ɗaya cikin uku. Kakanni maza, ku ji wannan da kyau: jikokin da ubansu ya riga ku rasuwa ba su da rabo a gadonku muddin kuna da 'ya'ya maza a raye. A shekarun nan da samari ke riga tsofaffi tafiya, gidaje da yawa sun shiga wannan hali. Malamanmu sun san abin da ake kira tanzili, wato kaka ya ajiye jikoki a matsayin ubansu, a fitar musu cikin sulusi. Ku je ku tambaya tun kuna iya zuwa da ƙafarku.

Wa ya fi cancanta ya riƙi yaro? Al'adarmu ta ce dangin uba. Littattafan Malikiyya, tun daga Risala, sun sa uwa a gaba, bayanta kakar wajen uwa, sannan inna 'yar'uwar uwa, kafin a zo ga dangin uba. Ba mu kawo wannan don a tayar da rigima a gidajen da aka riga aka daidaita ba. Mun kawo shi ne saboda matar da ke takaba a ƙwace mata ɗan shekara uku tana kuka, a ce mata haka addini ya ce. Addini bai ce ba. Kuma in da hali kada a raba 'yan uwa ɗaya. Yaron da ya rasa uwa da uba, yayarsa ita ce abin da ya rage masa na gida.

To, ga maganar da ta fi nauyi, wadda muka daɗe muna shawara ko mu kawo ta ko mu bari. Ba duk yaran da ke hannunmu ne jininmu ba, kuma ba dukansu ne Hausawa ba. Fitinar nan ta bar marayu a gari, ta bar marayu a ruga. Akwai 'yar ƙungiyar nan, ba za mu faɗi sunanta ba, da maigidanta ya tsinci yaro ɗan kimanin shekara huɗu a bakin hanya bayan an watse, ba ya jin Hausa ko kaɗan, sai Fulatanci. Ta yi masa wanka, ta ba shi fura, ya kwana a bayanta. Kwana uku bayan haka ta je ɗiban ruwa da shi, wata ta dube shi ta ce: "Ke dai kina kiwon abin da zai cinye ki. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Yaron bai ji Hausa ba a lokacin. Yanzu yana ji sarai, kuma har yau akwai masu faɗa.

Iyayenmu, 'yan'uwa, mi ɗan shekara huɗu ya yi? Mun san zafin da ke cikin zukata, a cikin kwamitin nan ma akwai wadda aka kashe wa miji, akwai wadda ta sayar da gona ta biya kuɗin fansa. Ba mu ce kowa ta manta ba. Amma yaron da aka tashe shi ana ce masa ɗan ɓarayi safe da yamma, in ya kai shekara goma sha biyar ina kuke so ya nufa? Wanda ya kira shi da hannu biyu a ranar, shi zai bi. Haka nan jaririn da 'yar'uwarmu ta dawo da cikinsa daga daji: uwar ba ta zaɓa ba, shi ma bai zaɓa ba, kuma babu malamin da ya ce laifin wani na hawa kan jariri. Kalmar nan "ɗan daji" muna roƙon ta fita daga bakin duk 'yar ƙungiyar nan, kuma mu hana 'ya'yanmu.

Wani kuskuren kuma kishiyar wannan ne, shi ma daga so yake fitowa. Mai riƙo ta ce bari in mayar da shi Bahaushe tsaf don ya huta da gori: ta canja masa suna, ta hana shi Fulatanci, in an tambaya ta ce ɗan ƙanwarta ne. Wannan ba ya ɓoyuwa. Kamanni na nan, maƙwabta na nan, wata rana wajen faɗan yara zai ji, kuma jin da zai yi a bakin abokin faɗa ya fi ciwo nesa da wanda zai ji a bakinki yana kan cinyarki. A gaya masa gaskiya daidai hankalinsa, tun yana ƙarami, a riƙa ƙarawa yana girma.

Ba mu kaɗai muka taɓa shiga wannan ba. A Amurka turawa sun daɗe suna ɗaukar 'ya'yan baƙaƙen fata suna reno. A 1972 ƙungiyar baƙaƙen ma'aikatan walwalar jama'a ta can ta fito ta yi adawa da abin, ta ce yaran na tashi ba su san kansu ba, ba a kuma shirya su ga wariyar da za su tarar a waje ba. A 1994 aka yi dokar da ta hana a jinkirta ba yaro gida saboda launin fata. Gardamar ba ta mutu ba har yau, amma yaran da aka rena haka sun girma, da yawansu sun yi magana, kuma abin da suke maimaitawa shi ne: an so mu, amma an yi kamar ba a ga bambancinmu ba, alhali duk wanda ke waje yana gani. Wasu sun ce ko gashin kansu ba a iya gyara musu ba, kuma ba su taɓa zama da babba mai kama da su ba. Sashen nan na 20 da muka ambata ya ce a lura da ƙabilar yaro da addininsa da harshensa wajen nema masa gida.

Mu abin ya fi mana sauƙi, in mun so. Addininmu ɗaya, kasuwarmu ɗaya, mun yi auratayya tun kakanni, da wuya gidan da za a bi salsalarsa ba a tarar da Bafulatana ba. Akwai Fulanin gari da muke zaune lafiya da su. Ki nemi dattijuwa a cikinsu ta riƙa yi wa yaron magana da harshensa, ko sau ɗaya a mako. Ki bar masa sunansa. In yarinya ce mai irin gashin da ba ki saba kitsawa ba, ki kai ta wurin wadda ta iya. Ki rubuta ranar da aka tsince shi, da wurin, da tufar da ke jikinsa, da duk sunan da ya ambata, ki kai wa mai unguwa da uban ƙasa, a sanar da arɗo. Ƙungiyar Red Cross ma na da aikin haɗa waɗanda rikici ya raba da danginsu. Mun san abin da ke ran mai riƙo: in an samu danginsa za su tafi da shi. Zai yiwu. Amma ki tuna wata uwa na can ƙila ba ta san ko yana raye ba, kuma a cikinmu akwai waɗanda suka san irin wannan dare.

Launin fata ma mu taɓa shi kaɗan, tunda a gidajenmu yake. Yarinya baƙa ta shigo gidan farare, sai a laƙaba mata suna da launinta, ana dariya. Ta kai shekara goma sha uku ta fara satar man shafawa na bilicin. Usamatu ɗan Zaidun nan da muka ambata baƙi ne ƙwarai, mahaifiyarsa Ummu Aimana Bahabashiya ce, kuma sahabbai sun san shi da wanda Manzon Allah ke so, har ya ba shi jagorancin runduna yana saurayi. A kira yarinya da sunan da aka raɗa mata.

Sai masu zuwa da mota. Duk inda marayu suka yi yawa, masu neman yara na zuwa: wata Hajiya a birni na son yarinya za ta sa ta makaranta, wata ƙungiya za ta kai yara karatu kyauta. Wasu na gaskiya ne. Amma a 2019 'yan sanda sun gano yara tara da aka sace a Kano aka sayar a Onica, an canja musu suna, wasu har sun manta Hausa. A Chadi, a 2007, an kama wasu Faransawa a Abeche suna shirin tashi da yara 103 a jirgi da sunan marayun Darfur, bincike ya nuna mafi yawansu suna da uwa ko uba a raye. Habasha, da ta daɗe tana ba turawa yara, ta rufe ƙofar gaba ɗaya a 2018. Na kusa da mu kuma, wanda ya fi yawa, shi ne yarinyar da aka ce za ta makaranta ta ƙare a wanke-wanke a Gusau ko Kaduna ko Abuja, dillaliya na karɓar kuɗin aikinta duk wata. Kada a ba da yaro sai mai unguwa ya sani, an ga gidan da ido, an san makarantar, an kuma yi sharaɗin zai zo gida da salla. Duk wanda ya kawo kuɗi don a ba shi yaro, ko ya ce a yi abin a ɓoye, a kai maganarsa ga uban ƙasa da 'yan sanda. Hukumar NAPTIP don irin wannan aka kafa ta a 2003. Jiharmu kuma ta sami dokar kare yara a 2022, zamanin Gwamna Bello Matawalle, ɗan Maradun ɗin nan.

Mu ma kada mu zama Hajiyar birni a cikin gidanmu. Gwajin mai sauƙi ne, ba sai mun zo dubawa ba. Wa ke tashi da asuba ya hura wuta? Wa ke ɗaukar tallan ƙuli ranar kasuwa alhali sauran na makaranta? Ɗinkin salla, yadi ɗaya aka yanka ko nata na gwanjo ne? Aiki tarbiyya ne, kowane yaro ya yi, amma a raba shi daidai. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, ba ta ware ɗan riƙo ba.

Game da lafiya, abu biyu. Na farko tamowa. Yaron da ya yi gudun hijira sau da yawa yana zuwa a rame, gashi ya yi ja, wani ƙafa ta kumbura. A kai shi a auna damtsensa da tef ɗin nan mai launi. In ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ba maganar jiƙo ba ce, asibiti ce. Likitocin MSF na aikin tamowa a Talatar Mafara. A tambayi katin rigakafinsa, in ya ɓace a gaya wa ma'aikatan asibiti su ga inda za a ci gaba, musamman allurar ƙyanda. Na biyu shi ne ciwon da ba a gani. Yaron da ya ga abin da ya gani yana iya fitsarin kwance yana ɗan shekara tara, ya ɓuya ƙarƙashin gado in ya ji babur, ya ɓoye tuwo a cikin riga, ya yi wata bai yi magana ba, ko ya riƙa dukan yara ba dalili. Ba iskanci ba ne, kuma bulala na ƙara shi. A yi masa addu'a, a bar shi ya kwana kusa da babba, abinci ya zo a kan lokaci har ransa ya yarda gobe ma akwai. Kada a matsa masa ya ba da labari gaban baƙi. In watanni sun wuce abin na ƙaruwa, a je asibiti a nemi a tura ku gaba. Akwai babban asibitin tarayya a Gusau, akwai na ƙwaƙwalwa a Kware. Zuwa Kware ba ya nufin yaro ya haukace.

Mai riƙon ita ma mutum ce. Wata ba a shawarce ta ba, da dare maigida ya shigo da yara uku ya ce ga 'ya'yan yayana, hatsin da ke rumbu kuwa bai ƙaru ba. Malamai maza, ladan riƙon maraya kuna so, mun sani, amma wankin da dakan da tashin dare ba ku ke yi ba. Ku yi shawara da matanku, ku ƙara cefane, kuma in yaran sun yi laifi kada ku bar ta ita kaɗai ta zama mai baƙin jini. Dangin da ba su ɗauki kowa ba, su kawo nasu a cikin buhu. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha na taimakon marayu, ma'aikatar mata da ƙananan yara na Gusau, ofishin walwala na ƙaramar hukuma na Maradun. Abin da ake samu ba ya isa, kuma ba ya zuwa da kansa, amma mun lura takardar da ta fito da sunan ƙungiya da hatimin uban ƙasa ta fi saurin samun mai karantawa a kan mace ɗaya da ta je da bakinta.

Ga abin da kwamiti ke kawowa gaban mambobi, a yi masa ƙuri'a a taron wata mai zuwa. Muna son a buɗe littafi guda a hannun sakatariya, a rubuta kowane yaron riƙo: sunansa, sunan mahaifinsa da mahaifiyarsa, garinsu, wadda ta shayar da shi, da abin da aka bar masa. Littafin sirri ne, ba mai buɗe shi sai shugaba da sakatariya da mai riƙon. Muna son kowace mamba ta kawo tiya ɗaya ta gero ko dawa da kaka, a ajiye don gidajen da riƙo ya yi wa yawa, a fitar da shi tsakiyar damina lokacin da rumbu ke ƙarewa. Daga ribar bana muna roƙon a sayi awaki a ba da kiwo da sunan yaran, ba da sunan masu riƙo ba, abin da suka haifa ya tafi ga littafi da takalmi, in yarinya ce ya zama farkon kayan ɗakinta. Mata biyu daga kwamiti za su riƙa zagayawa gaisuwa. Wadda ta ga sun yi sallama kada ta ɗauka bincike ne, mu ma ana zuwa namu gidajen. Sannan za mu sa rana mu tafi Maradun a mota ɗaya da duk yaran da ba su da takardar haihuwa, a yi musu a ofishin hukumar ƙidaya, kowane da sunan ubansa.

Wadda ke da yaron da za a rubuta, ko ta san wata shayarwa da ba a faɗa ba, ta ga sakatariya bayan an ci abinci, tana ɗakin ajiyar gyaɗa, mutum ɗaya-ɗaya za a shiga. Waɗanda suka zo daga ƙauyuka a fara da su, don su kama hanya kafin la'asar ta yi sanyi. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya raya mana yaran nan, ya kawo mana zaman lafiya.